Cinikin Daren Talata

Mu goma ne a gasar,
tun masana'antar gilashi tana hura wuta a Toledo.
Yanzu tanderun ya mutu, an sayar da ƙarafan,
gasar ce kaɗai ba a sa wa kwaɗo ba.
Kowa da ƙungiyarsa a cikin waya.
'Yan wasan da ba su san da zamanmu ba
suna karya ƙashi ran Lahadi,
mu muna kan kujera muna ƙirga maki.

Wendell ya zaɓi nasa a watan Agusta,
da fensir a kunne, da tari a ƙirji.
Kafin ganyen titinmu ya yi ja mun raka shi makwanci.
Marlys ta ce kada a goge sunansa.
Ta karɓi ƙungiyar
yadda ta karɓi makullin motarsa
da karen da ba ya jin kiranta.

Daren Talata, biyu saura kwata,
ina kicin, firji yana gurnani.
Ina da mai gudu, lamba ashirin da takwas,
suna kamar tsawa, gwiwa kamar tsohuwar igiya.
Na ga ɗingishinsa bayan an tashi wasa,
sa'ad da kowa ya riga ya sauya tasha.
Ita kuwa tana da mai cafe
wanda ƙwallo ke bi kamar ya ci bashinta.

Na haɗa mai gwiwar da wasu biyu masu ɗumama benci.
Uku a kan ɗaya, daga nesa sai ka ce kyauta.
Na rubuta: Marlys, don in taimaka ne.
Na goge. Na sake rubutawa.
Na tura.

Ashe ba ni kaɗai ba ne.
Otis ya taya, Lamont ya taya,
har Pruski, da ya fi kowa kuka a bakin kabari.
Kowace kura ta zo da fatar akuyarta.

Da asuba waya ta yi ƙara. Hoto ne:
shafi daga littafin Wendell, da tabon gindin kofi,
rubutun nan nasa mai kwanciya kamar shinge bayan iska.
"Otis matsoraci ne, bar shi ya kai Alhamis.
Lamont ba ya karanta rahoton rauni.
Gideon in ya ba ka uku, duba gwiwar na farko.
Amma kar ka riƙe shi a zuci.
Tayin tsakar dare ba ciniki ba ne,
barci ne ya ƙi shi tun tafiyar Corinne.
Kira shi."

A ƙasa ta ƙara nata, kalma ɗaya:
Albarka.

Ban gama haɗiye kunyar ba ta kira.
Ta ce, ni ma ina da tayi.
Mai bugunka nake so, siririn nan
da ba ya wuce maki bakwai.
Wendell yakan miƙe tsaye in zai buga,
wai takunsa irin na ɗanmu ne.
Zan ba ka wani daga benci, ban ma san aikinsa ba,
gyara kuma injin kwashe ƙanƙara da ke gareji.
Amma ka zo ka ɗauka da kanka, ran Lahadi.
Karen nan ba ya cin abinci
in bai ji ana zagin alƙalin wasa ba.

Na ce na sallama.

Shugaban gasa ya bugo yana tambaya
wa ya cuci wa.
Na ce masa har yanzu ina lissafi.

Ran Lahadi mai gwiwata ya faɗi tun a zubin farko.
Mai cafenta ya ci biyu.
Ta doke ni da maki talatin da ɗaya,
ina zaune a kujerar da ta lotsa da nauyin wani,
ina ihu, muryata ta dishe.
Siririn ya fito zai buga, Marlys ta miƙe tsaye.
Ya ɓarar.
A bayanmu, kare yana lashe kwano.